Ɗakin Cin Zaɓe

Gidan Sanata bene ne, ɗakuna sama da ƙasa har wasu an rasa abin da za a zuba a cikinsu, amma duk gidan babu inda ruwa ke zuba sai ɗakin da yayarsa take kwana. Ni tela ce. Katanga ɗaya ce tsakanin shagona da bayan gidan, tagata kuma tana kallon ƙofar ɗakin nan, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinta ba. In ana ruwa, daga kan kekena nake jiyo ɗigonsa cikin robobin Yaya, kowace roba da irin muryarta.

Ɗakin ya girmi gidan. A ciki aka haifi Sanata, a ciki Yaya ta raine shi bayan iyayensu sun kwanta dama. Da duniya ta zo masa sai ya saye filayen kewaye, ya tada bene, ya bar ɗakin a baya yadda yake, da tsagaggen bangonsa, da rufin kwanonsa mai tsatsa, da Yaya a ciki. Mu maƙwabta muka ce ai kafin a gama fenti ne. Aka gama fenti, fentin ya koɗe, aka sake wani.

Sai daga baya muka gane ashe ɗakin ma'aikaci ne, kuma ya fi kowa aiki a gidan. Sau huɗu Sanata ya tsaya takarar majalisar dattawa. Duk lokacin da zaɓe ya matso sai a riƙa shigo da mutane ayari-ayari, wakilan jam'iyya, 'yan jarida, shugabannin mata, a wuce da su ta gefen benen kamar babu shi, a kai su baya. Sanata ya dafa tsagar bango, muryarsa ta fara rawa.

"A nan aka haife ni. Ga Yayata, ita ce uwata ita ce ubana. Na yi na yi ta koma sama, ta ce ita ba za ta bar ɗakin iyayenmu ba. To ni wane ne da zan manta da talaka?"

A daidai "talaka" hawaye ke zubowa, ban taɓa ganin sun yi latti ba. Yaya kuwa tana zaune a kan 'yar kujerarta a bakin ƙofa. An ce mata kada ta yi magana, murmushi kawai, shi ma kada ya yi yawa.

Da wannan ya ci zaɓe uku. Kafin na huɗu sai 'yarsa ta dawo hutu daga karatu, shi yana can majalisa. Ta shiga ɗakin gwaggonta, ta fito tana kuka, irin na gaske. Ta sa aka yi wa bango filasta, aka canza kwano, aka sayo gado. Wannan daminar ce kaɗai na ga Yaya ta kife robobinta. Aka yi zaɓe, Sanata ya sha ƙasa.

Kowa a gari ya san dalili. Hanyar da ya yi alkawari tun zaɓen farko, har yau in an yi ruwa sai mutum ya naɗe wando. Amma akwai Kodineta, wani siririn mutum mai waya biyu, shugaban yaƙin neman zaɓensa, shi ne ke fassara wa Sanata duniya.

"Ranka ya daɗe, a duba tarihi," in ji shi. "Ɗaki yana yoyo, mun ci. Yana yoyo, mun ci. Yana yoyo, mun ci. An gyara, mun faɗi. Wannan ai ko makaho ya shafa ya ji."

Washegari aka kirawo kafinta ya ɓamɓare sabon kwanon. Tsohon kuwa an riga an sayar wa 'yan gwangwan, sai da aka bi su har bayan gari aka fanso shi da tsada, aka dawo da shi a motar Sanata. Aka sa magini ya farfasa filasta, ya lalubo tsagar nan ya buɗe ta daidai inda take da. Gadon aka kai ɗakin direba. 'Yar kuma aka mayar da ita karatu, har yau tana can tana karatu.

Bana Sanata ya ce zai sake fitowa, damina kuma ta zo da ƙarfinta. Bangon ɗakin ya yi baƙi, katifar Yaya ta koma kamar soso, ta fara wani tari da nake jiyowa ko da keke yana gudu. Ranar da zan kai wa Madam, matar Sanata, ɗinkinta, Yaya ta ce in tsaya mu shiga tare, wai ƙafarta ba ta saba da santsin falon ba.

Muka samu Sanata a ƙarƙashin ƙaton hotonsa na ranar rantsuwa. Ta zauna a gefen kujera kamar wadda ta zo neman aiki.

"Auta," ta ce. Ita kaɗai ke kiransa haka. "Ruwan nan ya ci katifa. Ba gyara nake nema ba, na san an hana. Ka ba ni ɗan ɗakin nan na kusa da kicin, wanda aka tara fastocin zaɓe, in riƙa kwana. Gari na wayewa in dawo in zauna maka."

Sanata ya gyara zama, ya haɗa yatsu. Ya bar majalisa, amma majalisa ba ta bar bakinsa ba.

"Yaya, an ji ƙorafinki, kuma ƙorafi ne mai muhimmanci. Za a kafa kwamiti."

"Kwamitin me, Auta? Ruwa ne ke zuba."

"Shi za su tabbatar."

Aka kafa kwamiti, direba da mai gadi, Kodineta ne shugaba. Suka zo ranar da ake ƙwallara rana, suka shiga ɗakin, suka ɗaga kai suka daɗe suna kallon rufi. Suka koma suka shaida wa Sanata cewa su dai, iya bincikensu, ba su ga ruwa yana zuba ba.

Abin ya ci mini rai. Na sayo leda babba na miƙa mata ta kan katanga, ta ɗaura saman katifa. Ko kwana ba ta yi ba Kodineta ya hango ta.

"Wa ya kawo wannan? Shuɗiya, sabuwa fil! So ake a ce mun yi arziki?"

Ya yage ta da hannunsa. A nan ma ya lura ɗaya daga cikin robobin ta yi kyau da yawa, ya sa aka musanya ta da wata fasasshiya. Ita fasasshiyar sai da Yaya ta nemo wata robar ta tara a ƙarƙashinta.

Na samu Madam tana gwada rigar da na ɗinka, na ce mata tarin Yaya fa ba na wasa ba ne. Ta juya gaban madubi, ta juyo.

"Tela, ke ba ki san Yaya ba. Ta saba. In aka kai ta ɗaki mai esi ai sanyi ne zai kwantar da ita. Kuma bayan zaɓe, wallahi ɗakin da ta nuna da yatsa shi za a ba ta."

"Haka aka ce a zaɓen farko."

"To kin gani. Mu ba ma canza magana."

Yaya ta daina kwanciya, ta koma barci a zaune, jingine da kusurwar da ta fi bushewa. Ta rame har zanenta yana zagaye ta yana saura. Ranar da likita ya zo auna jinin Sanata, na tare shi a ƙofa na jawo shi baya. Ya saurari ƙirjinta, ya ɓata fuska, ya ce a fitar da ita daga ɗakin nan yau ba gobe ba. Kodineta ya ja shi gefe, amma ba da nisan da kunnena ba zai kai ba.

"Likita, tarin nan a ɗan bar shi zuwa bayan fid da gwani. Jiya shugabar mata ta ji shi, sai da aka rirriƙe ta. Ba mu taɓa samun irinsa ba."

Likita ya rubuta magani, ya karɓi abin da aka ba shi, ya shiga motarsa. Ni kuwa na zazzaga wa Yaya abin da ke cikina. Na ce ta tattara ta dawo wurina, ɗakina ƙarami ne amma ba ya yoyo. Ta yi tari mai tsawo kafin ta samu numfashin amsawa.

"In na fita ya faɗi, a ce ni ce. Yaro ne, Tela, mutane ne suka kewaye shi. Naka sai naka."

Yaron nan fa furfura ta gama cin gemunsa.

Ranar da wakilan matasa suka zo, Sanata bai kai ga "talaka" ba Yaya ta sulale daga kan kujera. Kodineta ya ƙwala wa mai hoto kira tukuna, sannan ya kira direba. Aka kai ta asibiti, aka ce ruwa ne a huhu, sai ta kwana biyu.

To ga baƙi suna tafe, ga ɗaki babu Yaya. Kodineta ya bazama, ya samo wata tsohuwa mai sayar da tsintsiya a bakin tasha, ramammiya, tsawonsu ɗaya da Yaya. 'Yan unguwa suka sa mata suna Tsohuwar Haya. Ta leƙa ɗakin, ta kalli rufi, ta shaƙi warin katifa, ta fito ta riƙe ƙugu.

"Zama zan yi muku, amma ba kwana ba. Ku ba ni ɗaki mai fanka da talabijin. Abin da matar gidan ta ci shi zan ci. In ruwa ya sauko kuwa na tashi aiki. Ni ba 'yar'uwarku ba ce da za ku yi mini wulaƙanci."

Ba a kafa kwamiti ba. Kafin rana ta take an kwashe fastoci daga ɗakin kusa da kicin, an share, an karɓo gadon nan daga wurin direba an kafa mata.

Gaskiya ta iya aiki. Tari take yi in an ɗaga mata gira, ta daina in an sauke. Da Sanata ya ce "talaka" sai ta riga shi fashewa da kuka. Wakilan da suka sha zuwa ɗakin shekara da shekaru babu wanda ya lura an canza mutum, don dama tsagar bango suke kallo.

Yaya ta dawo daga asibiti a ƙafarta. Gado busasshe da abinci a kan kari sun yi mata rana, kumatunta sun ciko, har tabarau aka yanka mata. Na yi murna kamar in yi rawa. Kodineta kuwa yana ganinta ya dafe kai.

"Kai! Me suka yi miki?"

"Warkewa na yi."

"Warkewa a wannan lokaci? Dubi fuskarki! Wallahi ko kaɗan ba ki yi kama da yayar Sanata ba."

Ta wuce shi ta shiga falo, wannan karon ba ta nemi rakiya ba, ni ce na bi ta. Ta riga ta leƙa ɗakin kusa da kicin, ta ga Tsohuwar Haya a miƙe a kan gadonta tana canza tasha.

"Auta, na ga an ɗauki ma'aikaciya. To ni ma ka ɗauke ni. Yadda aka yi da ita a yi da ni, ko babu talabijin. Ai na fi ta daɗewa a aikin."

Sanata ya zabura kamar an zage shi.

"Haba Yaya! Ita bare ce, yarjejeniya muka yi. Ke 'yar gida ce, jinina. Ta yaya zan ɗauki yayata aiki? Me duniya za ta ce?"

"To ɗakunan sama fa?"

"Na baƙi ne. Kin san siyasa, ko yaushe baƙo zai iya faɗowa."

Aka yanke hukunci. Yaya za ta ci gaba da kwana a ɗakinta, tunda nata ne, wa zai raba ta da gadon iyayenta. Amma gari na wayewa ta fice ta ƙofar baya, kada baƙi su ga yaya biyu. Haka ta koma yini a shagona tana tsinke mini zare, tana sauraren muryar ƙanenta ta kan katanga yana rantsuwa da nonon da bai sha ba, da goyon da aka yi masa. Kafin sati ya zagayo tarin ya fara dawowa.

Ranar da Sanata zai bayyana takararsa a hukumance, bayan gidan ya cika maƙil, har kan katangata mutane suka hau. Ga 'yan talabijin da kyamarori, ana nunawa kai tsaye. Tsohuwar Haya tana kan 'yar kujera cikin tsohon zanen Yaya. Sanata ya dafa tsagar bango ke nan sai hadari ya haɗo, iska ta taso, ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya.

"Na tashi," in ji Tsohuwar Haya.

Kodineta ya raɗa mata wani abu a kunne, ta yi tsaki, ta shige ƙarƙashin laimar da aka riƙe wa Sanata ta maƙale masa. Jama'a suka ce Allah sarki, dubi ƙauna.

Yaya tana shagona. Ba jawabin take ji ba, ruwan take ji. An kwashe robobinta an jibge mini tun safe don kada su tare wa kyamara hanya, kuma katifar da ruwan ke duka ita ce za ta kwanta a kai. Na ce ta zauna, ko kallona ba ta yi ba. Ta tattara robobin a ƙirji, ta bi ta ƙofar baya, ta ratsa taron tana cewa a gafarce ta, ta wuce ta gaban Sanata ta shige ɗakin. Ta ja katifa kusurwa, ta shiga jera robobi. Kyamarori suka juya kanta.

Wata 'yar jarida ta miƙa abin magana. "Ranka ya daɗe, wannan kuma wace ce?"

Ruwa yana ta dukan kwano. Ina kan taga ina kallon fuskarsa. Ya dubi Yaya, ya dubi tsohuwar da ke maƙale da hannunsa, ya dubi kyamara. Wallahi na ga lokacin da ya zaɓa, kuma bai daɗe ba.

"Wannan wata baiwar Allah ce. Ba mu san ta ba, ba ta da kowa. Yayata ce ta tsince ta a hanya ta kawo ta. Haka muka taso. A gidan nan ba a barin baƙo cikin ruwa."

Tafi ya ɓarke. Kodineta ya fi kowa tafawa.

Yaya ta fito bakin ƙofa da fasasshiyar robar nan a hannu, ruwa yana bin tabaranta. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sunkuya ta ajiye robar, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a duk zaɓukan da suka wuce: ta yi magana a gaban baƙi.

"Gaskiya ya faɗa. Ba ni da kowa." Ta goge fuska da gefen zane. "Tunda ba a barin baƙo cikin ruwa, a nuna mini ɗakin baƙi."

Me zai yi? Duk jihar tana kallo. Ya karɓi laima da hannunsa, ya riƙe mata, ya kai ta har sama, 'yan kyamara suna biye, ya buɗe mata ɗakin da ya fi kowanne girma. Da yamma aka yi ta maimaita hoton a talabijin. Yanzu ayarin da suka zo sai sun ga abu biyu, ɗakin yayar Sanata a ƙasa, da baƙuwar Sanata a sama. Ba dama a fitar da ita. Kodineta yana gaya wa mutane shi ya tsara.

Ana tambayata ko Sanata zai ci zaɓen bana. Ban sani ba, kuma ba shi ya dame ni ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne, matar nan ta roƙi busasshen wurin kwana da sunan goyo, an ce kwamiti. Ta roƙa da sunan ciwo, an ce bayan zaɓe. Ta roƙa da sunan aiki, an ce jini ya hana. Duk tsawon shekarun da take yayarsa ruwa yana dukanta, sai ranar da ya ce bai san ta ba ta kwana a bushe. Kuma ba gidan Sanata kaɗai ba ne. Gidaje nawa ne ake shimfiɗa wa bare darduma, a ce wa na gida ya yi haƙuri, ai shi na gida ne?

Shekaranjiya na hau na gaishe ta. Ɗaki fes, gado ya isa mutum huɗu, tarin ya tafi. Na same ta zaune a ɗan gefen gadon, hannuwa a cinya. Muna cikin gaisawa Sanata ya zo wucewa da wasu wakilai, ya tsaya a ƙofa.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe," ta ce.

Ya wuce. Ta bi bayansa da kallo har takunsa ya ɓace, sannan ta cire tabarau ta shiga goge shi, alhali babu abin da ya same shi.

"Kin ga ɗakin ko, Tela? Ko ɗigo ɗaya."

Zuciyata ta karye. Na kama hannunta na ce, "Yaya..."

Ta yi sauri ta dubi ƙofa, ta matse mini yatsu.

"Kada ki ƙara kirana haka a gidan nan. Mai sunan tana ƙasa tana kallon talabijin. So kike a mayar da ni?"